Yadda ake saita kafofi da VLAN a fayawol na kamfani

Fayawol ɗin kamfani, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita a netwok, yakan zo da kafofi (ramukan jona waya) huɗu, takwas ko fiye, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a jona intanet a kafa ɗaya, suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) a wata, a bar kowa da kowa cikin netwok guda. Kwamfutar akanta, kyamarar bakin ƙofa da wayar baƙon da ya roƙi Wi-Fi duk suna ganin juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan babu ma bangon. VLAN ne ke raba waya ɗaya zuwa netwok da yawa, fayawol kuma ya tsaya a tsakani yana tantance abin da zai wuce.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko: VLAN yarjejeniya ce tsakanin fayawol da suwic. Idan ɗaya ya sa wa fakiti (ƙunshin bayanin da ake aikawa) tambari mai lamba 10, ɗayan kuma yana jiran fakiti marar tambari, babu wanda zai nuna maka kuskure, fitilun kafa za su ci gaba da ƙyaftawa, amma komai ya tsaya cik. Mafi yawan ɓacin lokaci a wannan aiki daga nan yake fitowa.

Mene ne tambarin?

Ƙa'idar IEEE 802.1Q, wadda aka fara fitarwa a 1998, tana cusa bayit 4 a cikin kowane firem na Ethernet (fakiti yadda yake tafiya a kan waya), bayan adireshin MAC (lambar shaidar na'ura) na mai aikawa. Bayit 2 na farko suna ɗauke da 0x8100, alamar cewa akwai tambari. Sauran bit 16 ɗin an kasa su uku: bit 3 na fifiko, bit 1 na alamar ko za a iya zubar da firem in hanya ta cunkushe, sai bit 12 na lambar VLAN. Shi ya sa lambobin da ake iya amfani da su suka tsaya daga 1 zuwa 4094, domin 0 da 4095 an keɓe su. A suwic ɗin Cisco kuma 1002 zuwa 1005 ba na taɓawa ba ne. Tambarin yana ɗaga girman firem daga bayit 1518 zuwa 1522.

Kwamfutar ma'aikaci ba ta san da wannan tambari ba. Tana jone da kafar akses, wato kafar da ke cikin VLAN ɗaya tak, suwic ne ke sa tambarin idan fakiti zai hau tirank, ya kuma cire shi idan zai sauka. Tirank ita ce wayar da ke ɗaukar VLAN da yawa lokaci guda, kamar wadda za ta haɗa fayawol da suwic.

Fara da takarda

Kada ka taɓa na'urar sai ka rubuta tsarin adireshi. Ga misalin da za mu bi har ƙarshe:

VLAN 10, ma'aikata, 10.20.10.0/24
VLAN 20, wayoyin tebur, 10.20.20.0/24
VLAN 30, sabobi, 10.20.30.0/24
VLAN 40, kyamarori da firintoci, 10.20.40.0/24
VLAN 50, baƙi, 10.20.50.0/23
VLAN 99, gudanar da na'urori, 10.20.99.0/24
VLAN 999, fanko, babu adireshi

Ka lura lambar VLAN tana cikin adireshin, a gurbi na uku. Duk wanda ya ga 10.20.30.15 a rajista ya san sabar ce ba sai ya buɗe takarda ba. Rukunin /24 yana ɗaukar na'ura 254, /23 kuma 510, an ba baƙi babba ne saboda wayoyin hannu suna shiga suna fita suna barin adireshi a riƙe. A kowane rukuni fayawol ya ɗauki .1 a matsayin ƙofar fita, wato adireshin da na'urori ke bi ta kansa zuwa wani netwok.

Ka guji 192.168.0.0/24 da 192.168.1.0/24. Yawancin rautocin gida da su suke zuwa, kuma ranar da ma'aikaci ya haɗa VPN (keɓaɓɓiyar hanyar shiga netwok ɗin ofis ta intanet) daga gida, kwamfutarsa za ta ɗauka sabar ofis tana cikin ɗakinsa, ba za ta tura fakitin ta VPN ba. Idan kamfanin yana da rassa, a ba kowane reshe lambarsa a gurbi na biyu: 10.20, 10.21, 10.22. Sauya adireshi bayan an girka komai aiki ne mai cin rai, gara a tsara tun yanzu.

Kada kuma a yawaita VLAN don ana iya yawaitawa. Kowanne da ka ƙara yana zuwa da nasa DHCP (tsarin da ke raba wa na'urori adireshi), nasa dokokin, da nasa wurin kuskure. Tambayar ita ce: shin waɗannan na'urori suna buƙatar doka dabam da ta sauran? In amsar a'a ce, a bar su tare. Injinan karɓar kuɗi da kati, su kam, sun cancanci nasu VLAN ɗin, domin ware su yana rage iyakar abin da binciken PCI DSS, ƙa'idar tsaron bayanan katin kuɗi, zai shafa.

Shiga na farko, da hanyar komawa

Jona laftof kai tsaye da kafar gudanarwa ko ta LAN. Kowane samfurin fayawol da adireshinsa na masana'anta: FortiGate yana zuwa da 192.168.1.99, pfSense da OPNsense 192.168.1.1, SonicWall 192.168.168.168, Sophos kuma 172.16.16.16 a tasha ta 4444 (tasha ita ce lambar da ke ware kowane sabis a kan adireshi). Ba laftof ɗin adireshi a rukuni ɗaya in bai samu da kansa ba. Canza kalmar sirri, daidaita agogo da NTP, sabunta manhajar na'urar, sannan ka sauke kwafin saitin ka ajiye.

Kebul ɗin konsol, wanda ke shigar da kai na'urar ba ta netwok ba, ya kasance a kusa. Yawancin na'urori suna magana a saurin 9600 ko 115200, bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa 1. Sannan ka ware kafa ɗaya, a ce ta ƙarshe, ka ba ta adireshi kamar 10.20.254.1/29, ka buɗe mata HTTPS da SSH (hanyoyin shiga gudanar da na'urar), kada ka jona ta da suwic. Ita ce ƙofarka ta baya. Dalili kuwa, a FortiGate sauyi yana fara aiki nan take da ka tabbatar da shi, don haka idan ka gyara kafar da kake ciki ka kulle kanka a waje. Palo Alto yana jira sai ka yi commit, pfSense sai ka danna Apply Changes, amma kullewar iri ɗaya ce bayan dannawar. Ƙa'ida mai sauƙi: kada ka gyara kafar da ta ɗauko ka.

Kafar intanet

Nan aikin kaɗan ne. Kamfanin da ke ba ka intanet zai ba ka ɗaya daga cikin uku: adireshi tsayayye da ƙofar fita, DHCP, ko PPPoE da suna da kalmar sirri. In tsayayye ne, kada ka manta da hanyar 0.0.0.0/0, wato ta duk abin da zai fita waje, zuwa ƙofarsu. In PPPoE ne, MTU (iyakar girman fakiti) ya sauka zuwa 1492 saboda bayit 8 da PPPoE yake ci, MSS (iyakar bayanin da ke cikin fakitin) kuma 1452. Idan aka bar shi sama da haka, wasu shafuka za su buɗe wasu su maƙale a rabi. Wasu kamfanonin fayiba suna aiko da layinsu da tambari, to sai ka ƙirƙiri kafar VLAN a kan kafar intanet da lambar da suka ba ka, PPPoE ko DHCP ya zauna a kanta. Rufe HTTPS da SSH na gudanarwa a wannan kafa. Idan adireshin da ka samu yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan NAT (tsarin da ke ɓoye adireshi da yawa a bayan guda) na kamfanin intanet ɗin ne, kuma babu wanda zai iya shigowa daga waje sai ka nemi adireshin fili.

Ƙirƙirar kafofin VLAN

Zaɓi kafar zahiri da za ta zama uwa, a ce port2. A ƙananan na'urori kafofin LAN sukan zo a ɗaure cikin suwic na ciki, sai ka cire port2 daga wannan ɗauri kafin ta tsaya da kanta. Bar ta babu adireshi, babu DHCP, amma a kunne, domin in uwa ta mutu 'ya'yan duk sun mutu. A FortiGate:

```
config system interface
  edit "V10-MAAIKATA"
    set vdom "root"
    set interface "port2"
    set vlanid 10
    set ip 10.20.10.1 255.255.255.0
    set allowaccess ping
  next
end
```

Sunan kafa ba ya wuce harafi 15 a nan, kuma sauya shi daga baya ba abu ne mai sauƙi ba, don haka ka zaɓe shi da kyau. Maimaita ga sauran. VLAN 99 kaɗai za a ba `https ssh`, sauran ping (gwajin ko na'ura tana amsawa) ya ishe su.

A Palo Alto, mayar da ethernet1/2 nau'in Layer3, ka ƙara ƙaramar kafa ethernet1/2.10, ka sa Tag 10. Lambar bayan ɗigo suna ce kawai, Tag ɗin ne ke aiki, kuma ana iya rubuta su dabam bisa kuskure. Dole kowace ta shiga rauta ta cikin na'urar da kuma shiyya (rukunin kafofin da ake rubuta wa doka tare), sannan ba za ta amsa ping ba sai an liƙa mata bayanin gudanarwa mai ba da izinin hakan. A pfSense mataki uku ne kuma an fi mantawa da na ƙarshe: ƙirƙiri VLAN a Interfaces, Assignments, VLANs, sanya shi a matsayin sabuwar kafa, sannan ka shiga cikinta ka kunna ta ka ba ta adireshi.

Ɓangaren suwic

Nan ne za ka fi natsuwa. Da farko VLAN ɗin su wanzu a suwic ɗin kansa. Tirank ba ta wuce da VLAN ɗin da suwic bai san da shi ba. A Cisco:

```
vlan 10,20,30,40,50,99,999
interface GigabitEthernet1/0/48
  switchport mode trunk
  switchport trunk native vlan 999
  switchport trunk allowed vlan 10,20,30,40,50,99
  switchport nonegotiate
```

Kowace tirank tana da VLAN ɗaya da ke tafiya babu tambari, kuma daga masana'anta VLAN 1 ne. Mun mayar da shi 999 saboda dalili biyu. Na farko, kafar uwa a fayawol ba ta da adireshi, don haka duk VLAN ɗin da ya tafi babu tambari ya ɓace. Idan 10 ka bari a wannan matsayi, ma'aikata duka ba za su samu adireshi ba alhali sauran suna aiki lafiya. Na biyu, akwai harin tambari biyu: mai kutse da ke cikin VLAN marar tambari yana aika firem mai tambari biyu, suwic na farko ya ɓare na waje, na gaba ya karanta na ciki ya kai shi VLAN ɗin da bai kamata ba. In babu kowa a cikin 999, babu mai yin wannan.

Akwai tarko a layin `allowed`. Ranar da za ka ƙara VLAN 60, rubuta `switchport trunk allowed vlan add 60`. In ka bar kalmar `add`, jerin gaba ɗaya zai goge ya rage 60 kaɗai, ofis ya yanke, har da hanyar da ka shigo ta cikinta.

Kafar ma'aikaci mai wayar tebur da kwamfuta a bayanta:

```
interface GigabitEthernet1/0/5
  switchport mode access
  switchport access vlan 10
  switchport voice vlan 20
  spanning-tree portfast
  spanning-tree bpduguard enable
```

Wayar tana koyon lambar 20 ta CDP ko LLDP-MED, ta riƙa sa wa muryarta tambari, ta bar na kwamfuta ya wuce haka. Layin portfast yana da amfani saboda tsohon STP, tsarin da ke hana fakiti zagaye a tsakanin suwic, yana riƙe kafa daƙiƙa 30 kafin ta fara wucewa da fakiti, kuma wasu na'urori sukan gaji da jiran DHCP a wannan tsakani.

Ba kowane suwic ke amfani da waɗannan kalmomi ba. A na HP da Aruba masu tsohon tsarin ProCurve, kalmar trunk tana nufin haɗa wayoyi biyu su zama ɗaya, abin da muke kira tirank kuma ana yin sa ne da sa kafa a matsayin tagged a kowane VLAN. A ƙananan suwic masu shafin burauza, irin na Netgear da TP-Link, saitin kafar akses kashi biyu ne a shafuka biyu: ka sa kafar untagged a VLAN 10, sannan ka sa PVID ɗinta ya zama 10. Na farko yana kula da abin da ke fita zuwa kwamfuta, na biyu da abin da ke shigowa daga gare ta. Wanda ya yi na farko ya bar PVID a 1, fakitin kwamfutar zai faɗa VLAN 1, amsa kuma ba za ta taɓa zuwa ba. Ka cire kafar daga VLAN 1 bayan ka gama.

Na'urar Wi-Fi mai suna fiye da ɗaya tirank take so: 10 da 50 da tambari, VLAN ɗin gudanarwa kuma yawanci babu tambari. Idan akwai suwic na biyu da na uku, kowace wayar da ke tsakaninsu sai an ƙara mata sabon VLAN a ƙarshenta biyu.

DHCP da dokoki

Neman adireshi shela ce, shela kuma ba ta tsallake VLAN. Ko dai fayawol ya raba adireshi a kowace kafa, ko ya miƙa buƙatar ga sabar da ke 10.20.30.10, inda za ka buɗe rukuni ɗaya ga kowane VLAN. Raba daga .50 zuwa .240, ƙasa ya zama na firintoci da na'urori masu adireshi tsayayye. Wa'adin baƙi awa 2 zuwa 4, na ma'aikata kwana 1 ko fiye.

VLAN shi kaɗai bai tsare komai ba da zarar fayawol ya zama ƙofar kowa. Dokokin ne tsaron. Ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki, abin da bai dace da kowace ba a zubar. Sabuwar kafa a pfSense ba ta da doka ko ɗaya, don haka kwamfuta za ta samu adireshi amma ba za ta kai ko'ina ba. A FortiGate kowace dokar fita intanet tana buƙatar a kunna mata NAT. A Palo Alto abin da ke cikin shiyya ɗaya yana wucewa ba tare da ka rubuta komai ba, saboda haka wanda ya zuba VLAN shida cikin shiyya guda ya rushe rabuwar da ya gina. Kowane VLAN da tasa shiyyar.

Dokokin baƙi sun fi nuna muhimmancin jeri. Ta farko: a bar su su kai 10.20.50.1 a tasha ta 53, in fayawol ne DNS ɗinsu, wato mai fassara musu sunan shafi zuwa adireshi. Ta biyu: a hana su 10.0.0.0/8, 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Ta uku: a bar su zuwa intanet. Idan ta uku ta hau sama kuma inda za ta kai an rubuta "ko'ina", ta biyu ta zama ado. In ta biyu ta riga ta farko, baƙi za su ga Wi-Fi ya haɗu amma babu shafin da ke buɗewa.

Ma'aikata zuwa sabobi, a buɗe tashoshin da ake buƙata kaɗai, misali 445 na fayiloli da 443. Ma'aikata zuwa firintoci, 9100 da 631. Kyamarori kada su fara magana da kowa, NTP a tasha ta 123 ya ishe su. VLAN 99 kwamfutocin masu gudanarwa kawai ke shiga. Ba sai ka rubuta dokar dawowa ba, fayawol yana tuna zancen da aka fara ya bar amsarsa ta wuce. Kunna rajista a dokokin hanawa, da ita za ka gano abin da ka manta.

Wayoyi da laftof za su daina ganin firinta da kansu bayan rabuwa, domin mDNS, hanyar da firinta ke sanar da kanta, yana aika sanarwarsa zuwa 224.0.0.251 a tasha ta 5353 kuma ba ta fita VLAN ɗinta. Ko a ƙara firintar da adireshinta, ko a kunna mai maimaita mDNS tsakanin 10 da 40 kaɗai.

Nauyin da ke kan tirank

Duk abin da ya tashi daga wani VLAN zuwa wani sai ya hau tirank zuwa fayawol ya sake saukowa ta kanta. A ce kyamara 40 kowace tana aika megabit 4: megabit 160 ke nan dare da rana, in na'urar ɗaukar hoton tana wani VLAN dabam. Sa ta cikin VLAN ɗaya da kyamarorin, nauyin ya tsaya a suwic. In gigabit ɗaya bai isa ba, haɗa kafa biyu da LACP a ɓangarorin biyu, ka ɗora VLAN a kan haɗin, ka sani dai zance guda ba ya wuce saurin waya ɗaya. Yanke wannan shawara da wuri, domin sauya uwar VLAN bayan an rubuta dokoki yakan kai ga sake gina su.

Gwaji da gano matsala

Gwada VLAN ɗaya-ɗaya da laftof a kafar akses. Duba adireshin da ya samu, yi ping zuwa .1, sannan 1.1.1.1, sannan buɗe shafi da suna. A ƙarshe gwada abin da ya kamata a hana: daga 50 nemi sabar, daga 40 nemi kwamfutar ma'aikaci, daga 10 nemi shafin gudanar da fayawol. Wannan gwajin na hanawa shi ake yawan tsallakewa, kuma dominsa aka yi aikin.

Adireshi mai farawa da 169.254 yana nufin DHCP bai amsa ba, kuma laifin yawanci na tambari ne. Duba `show interfaces trunk` ka ga ko VLAN ɗin yana cikin waɗanda ke wucewa, sannan `show mac address-table vlan 10`: ya kamata ka ga MAC ɗin laftof a kafarsa, na fayawol a kafa ta 48. Wanda babu a cikin biyun, ɓangarensa ne ya karye. Samun adireshin wani VLAN dabam alamar PVID ne ko saɓanin VLAN marar tambari tsakanin suwic biyu. Ping zuwa .1 yana yi amma 1.1.1.1 ba ya yi, duba doka da NAT. Lamba tana yi suna ba ya yi, DNS ne. Kana kai wa na'ura daga cikin VLAN ɗinta amma ba daga wani ba, duba ko an rubuta mata ƙofar fita, firintoci da kyamarori sun saba zuwa da wannan gurbi fanko.

In duk wannan bai warware ba, kalli wayar da idonka. A pfSense `tcpdump -e -n -i igb1 vlan` zai nuna kowane firem da lambar tambarinsa, a FortiGate kuma `diagnose sniffer packet port2 none 4` yana nuna abin da ke shiga kafar. Don gwada MTU daga Windows, `ping -f -l 1472 10.20.30.10` ya kamata ya wuce, domin 1472 da bayit 28 na kanun IP da ICMP su ne 1500. Ta layin PPPoE iyakar 1464 ce.

Da komai ya zauna, ajiye saitin suwic da `write memory`, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko za ta mayar da shi yadda yake jiya. Kafofin da ba a amfani da su a sa su cikin 999 a kashe su. Sauke sabon kwafin saitin fayawol mai kwanan wata a sunansa, ka rubuta a jikin wayar tirank lambar kafar da take shiga a kowane ƙarshe.